Jan Fenti a Kan Baƙin Dutse

Yaran yanzu idan aka ce musu wane magini ne, sai su ɗauka mai jera bulo ake nufi. To bulo ai ba gini ba ne, jeri ne. Wannan daidai yake da wancan, ka shafa siminti, ka ɗora, ka ja igiya, kafin la'asar an yi ɗaki. Jikokina ma haka suke kallon abin. In na fara maganar dutse sai su amsa mini da Larabci, "Tayyib, ya jaddi," wato to, kaka, alhali Hausar sun ji ta sarai, kunnen ne kawai ba ya wajena. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa sau ɗaya, wanda ya ga dama ya karanta.

Sunana Ilu. A Damagaram aka haife ni, amma ban girma a can ba. Mahaifina ya ɗebo mu da niyyar Hajji ta ƙasa, guzuri ya ƙare a Abeshe ta ƙasar Cadi, muka yi shekaru a nan. Can na fara yi wa wani Bafaranshe mai gine-gine dakon jan bulo, kuma a bakinsa na tsinci ɗan Faransancin da nake da shi, rabinsa zagi. Da muka iso Madina gashin bakina ya fara tsiro. Ba mu rufa shekara ba mahaifina ya rasu, sai dattawan unguwa suka kama hannuna suka kai ni wajen Mu'allim Tanko, wani Bakano da ya shigo ta Sudan tun yana yaro. A nan garin, in an ce Mu'allim babban magini ake nufi, wanda in ya ce a rushe sai a rushe.

Aikin farko da ya sa ni, jaki ya ba ni da guduma, ya ce in shiga Harra in ɗebo masa dutse. Wanda bai san Harra ta Gabas ta wancan lokaci ba ba zai gane ba. Fili ne na baƙin dutse iya ganinka, ba ciyawa ba inuwa, in rana ta take ka taka ba takalmi sai tafin ƙafarka ya saluɓe. Na ce a raina, neman dutse a Harra ai ɗiban ruwa ne a kogi. Na cika mangala da masu kyan gani, na dawo ina hura hanci. Ya ɗauki ɗaya, ya ƙwanƙwasa da gindin guduma, ya jefar. Ya ɗauki na biyu, ya jefar. Haka har mangalar ta ƙare.

"Ɗan Damagaram," ya ce, "kai da ido ka je ko da kunne?"

Na ce da ido.

"To koma da kunne. Mai kyau in ka buga shi amsawa yake yi. Waɗannan da ka kwaso duk kurame ne, cikinsu ramuka kamar saƙar zuma. Yalla, maza tafi, kafin jakin ya fi ka ganewa."

Na koma. Sai da na daɗe ina wannan zirga-zirga kafin ya yarda in riƙe azmil, wato ƙarfen sassaƙa. Baƙin dutsen Madina ba ya son gaggawa. In ka buge shi inda ba ya so, ko dai ya yi biris da kai, ƙarfen ya yi tsalle ya sauka a babban yatsanka, ko kuma ya tsage gida biyu bayan ka ɓata rabin yini a kansa. Sai ka juya shi ka nemo jijiyarsa, ka bi ta a hankali. Azmil kuwa kwana biyu ya dakushe, sai an kai shi wajen maƙeri a unguwar Anbariyya ya sake masa baki. Sauran kayan ba su da yawa: guduma babba da ƙarama, cokalin gini, da mizani, igiya ce da dalma a ƙarshenta wadda ke tona asirin bangon da ya karkace. Sai nura, farar ƙasar da ake toyawa a jiƙa a rami, a kwaɓa da toka da yashi. Ita ce simintinmu, kuma cin hannu take yi, da dare sai mun shafa man riɗi kafin mu iya dunƙule yatsu. Ɓarɓashin dutse kuma ido yake nema. Ban san maginin dutse ɗaya da ya tsufa da idanu biyu lafiyayyu ba.

Na tuna wani bango da muka yi wa wani mai gonar dabino da zai aurar da ɗansa. Kullum yana tsaye a kanmu da lema, "Dahin, dahin, yanzu-yanzu, ya Mu'allim, biki ya matso." Mu'allim bai ko ɗago ba, ya ce masa, "Dutse bai san da biki ba." Aka yi bikin da rabin bango, mutumin ya yi fushi ya daina gaishe mu. Bayan shekaru da ruwa ya yi ambaliya ta kwarin da gonarsa take ya kwashe katangun maƙwabtansa, shi ne ya aiko mana da buhun dabino, amma bai zo da kansa ba.

Duk wanda ya koyi aiki a hannun Mu'allim Tanko, akwai ranar da za a kai shi Hillar Rijiya. Ɗan ƙauye ne a bakin Harra, gidajen dutse da laka 'yan kaɗan, gonakin dabino, rijiya ɗaya, da masallaci marar hasumiya. Hausawa da Larabawa a cakuɗe, kowa ya san akuyar kowa. A nan akwai ƙofar wata gona, ƙofa mai baka, wadda Mu'allim ya gina tun kafin in zo, kuma ita ce aikin farko da ya yi da sunansa. Raƙumi na shiga da kaya bai sunkuya ba. Abin da ke cikinta shi ne, kowane dutse an sassaƙa shi ne domin maƙwabcinsa, har ba ka iya cusa bakin wuƙa a tsakani. Nurar da ke ciki ba ta kai a faɗa ba, nauyi ne ke riƙe da nauyi, dutsen makulli a can sama ya danne su duka. In ya kai ka sai ya ce, "Nemo mini inda na yi ƙarya." Ka nema har ka gaji. Sannan ya ce to mu koma bakin aiki. Bai taɓa yabon kansa da baki ba, ƙofar nan ita ce bakinsa.

Sai kuɗin fetur suka ɓarke. Ku da aka haifa a ciki ba za ku san yadda abin ya zo ba. Kamar jiya muna ƙin aiki saboda yawa, yau an kafa injinan bulo a bayan gari, tifa na kai wa mutum har ƙofar gida. Wanda zai jira mu wata shida sai ya sami gidansa a wata ɗaya, da fenti, da na'urar sanyaya ɗaki a maƙale a taga. Baƙin dutse ya koma alamar talauci. Wanda kakansa ya yi alfahari da shi, shi kuma yaɓe shi yake yi da siminti don kada baƙi su gani. Akwai shekarar da tun daga Muharram har Hajji ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Abokan aikina wani ya koma sayar da shayi a bakin tasha, wani dakon jakunkunan alhazai, wani ya koma Sudan. Maƙerin Anbariyya ya koma walda. A shekarar ne kuma sauran ganin da ya rage wa Mu'allim ya tafi, ya zauna a gida wajen 'yarsa.

Ana cikin haka Sheh Usman ya aiko a kira ni. Shi ne ya gaji gonar nan mai ƙofa. Jikan alhazan Hausawa ne da suka zauna, yana da shagunan darduma da turare a kusa da Harami, daga baya har da masaukin baƙi. Hausarsa rabi da rabi ce. Ya ce ya sayi gida a wani ƙauye a Faransa don iyali su riƙa gudun zafi, amma katangar gajeriya ce, mata ba sa iya zama a tsakar gida. "Inta, kai ɗin nan, kana jin kalam ɗinsu na Faransa, kuma kana da hannu. Ka zo mu je." Abin nema ya samu. Na bi shi, wajen ƙarshen shekarun saba'in na turawa ke nan.

Sunan ƙauyen bai taɓa zama daidai a bakina ba, don haka ba zan ɓata shi a nan ba. Yana kan gangaren tudu, rafi na bi ta ƙasansa, gonakin inabi a jere kamar kitso. Coci a tsakiya, da hasumiya da ƙararrawa mai buga awa ko da mai ji ko babu. Kanti ɗaya ne, shi ne na burodi, shi ne na taba, shi ne gidan waya. A dandali an kafa wani dogon dutse an rubuta sunayen mazan ƙauyen da suka mutu a yaƙi, na lura gida ɗaya ya ba da har uku. Akwai tsohon tanderun burodi na gari da ba a hura shi sai ranar bikinsu na shekara. Kada ku ɗauka aljanna nake ba ku labari. Ƙauyen tsofaffi ne. Samari duk sun gudu birni, an rufe makaranta don rashin yara, gidaje da yawa tagoginsu a garƙame. Da rana in ka fito, daga kai sai awaki sai wata tsohuwa da ke leƙenka ta labule.

Katangar Sheh ba wani aiki ba ne. Dutsensu fari ne mai taushi, bayan na Harra ji na yi kamar rogo nake ferewa. Abin da ya tsaya mini shi ne wurin wankin gari. A bakin rafi yake, kwarmin ruwa ne aka rufa masa rumfa a kan baka biyu, nan matan dā suke wanki. Lokacin da na je ba mai wanki a nan, kowace mace da injinta a gida. Amma ƙanƙarar sanyi ta ɗaga harsashin, baka ɗaya ya karkace, sai mutanen garin suka taru suka ce a gyara. Aka ba wani tsohon magini aikin, Mushe Arman. Kada ku yi dariya, haka ake kiran namiji a can, ba mushen da kuka sani ba.

Na tarar da shi a kan tsani da gwangwanin baƙin fenti, yana bin duwatsun bakan ɗaya bayan ɗaya yana rubuta wa kowanne lamba. Na tsaya kallo har ya gaji da ni, ya sauko, ya kama hannuna ya juya tafin, ya duba, ya saki. Bai tambaye ni sana'ata ba, miƙo mini guduma kawai ya yi. Muka tokare bakan da katako, muka zare makulli, muka sauke duwatsun muka jera a ciyawa, lamba na bin lamba. Aka sake harsashi. Sannan muka mayar da kowanne mazauninsa. Ranar da aka zare katakon, bakan ya tsaya kamar ba a taɓa shi ba.

Na tambaye shi, da ɗan guntun Faransancina, me ya sa ake wannan wahala a kan wurin da ba mai amfani da shi. Ya ce, "Patrimwan." Na ce ban san kalmar ba. Ya ce abin da uba ya bari. Na ce, a'a, gado ke nan, gado kuwa a wajenmu rabawa ake yi, kowa ya kama nasa. Ya goge gemu ya ce wannan irin ba ya rabuwa, don masu shi ba su gama zuwa duniya ba.

Sheh Usman ma ya zo ya gani. Ya yi ta ɗaukar hoto, yana cewa, "Masha Allah! Shuf, ya Ilu, dubi mutanen nan yadda suka san darajar tsohon abu." Har yau in na tuna da wannan maganar sai raina ya ɓaci.

Ba a daɗe ba bayan dawowarmu aka zo awon hanya. Babban titi zai ratsa Hillar Rijiya. Masu awo suka bi gida gida da jan fenti, duk abin da ke kan layi su shafa masa alama, su rubuta "a kawar" da Larabci. A shekarun nan ko yaro a Madina ya san abin da jan fenti ke nufi a jikin bango. Aka shafa wa rijiya, aka shafa wa masallacin, aka shafa wa ƙofar. Masu gidaje suka karɓi diyya suka watse cikin gari.

Da labari ya kai wa Mu'allim, ya ce in kai shi. Na riƙe hannunsa har gindin ƙofar. Ya shafa ta daga ƙasa har inda hannunsa ya kai, gefen dama, gefen hagu. Ya ɗan tsaya da goshinsa a jikin dutsen. Sannan ya juyo ya ce, "Halas, shi ke nan. Na yi sallama da ita. Mu tafi." A hanya har hira ya yi mini ta farashin tumatir. Ya isa gida ya ci abinci ya yi barci. Shi dai a wajensa an gama.

Ni ne ban gama ba. Washegari na koma na zauna a gabansa na ba shi labarin wurin wankin nan, daga tsani har zare katako.

"Dutsen da ya sauko ba ya komawa, Ɗan Damagaram."

"Baba, da hannuna na mayar. Gani ya kori ji."

"Nasu fari ne, ka ce kamar rogo."

"Naka ya fi nasu haƙuri. In nasu ya jure, naka ne zai kasa?"

Can sai ya ce, "Sai an tokare ta da katako mai kauri kafin a taɓa makullin. Ba irin na akwatin lemo ba." Nan na san ya shigo.

Sheh Usman bai ba ni wahala ba. "Tayyib, tayyib. Ka sauke ta, akwai ɗan filin da hanya ta bar mini, ka ajiye a can. Za mu mayar da ita a ƙofar sabon gidana, ba'ad Ramadan in sha Allah." Wato bayan azumi. Ya haɗa ni da ɗansa Adil, saurayi mai sabuwar mota, ya ce duk abin da nake so ya kawo.

Sai matsalar lamba. Baƙin fentin Mushe Arman ba ya fita a kan baƙin dutse. Na gwada nura, tana bushewa hannu ya goge ta. Na ce wa Adil ya kawo farin fenti na mai. Ya ɓace har kwana biyu, katafila kuwa ta riga ta fara cin gidajen farkon ƙauye, muna jin rugugin daga inda muke. Da ya zo sai ga shi da rabin gwangwanin ja, wanda masu awo suka bari a gindin masallaci. Na ce masa fari na ce. Yana jin Hausa amma ba ya mayarwa da ita. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kullu wahid, ya ammi," wato duk ɗaya ne, baffa, ya ja motarsa. Ƙura na tasowa, direban katafila ya aiko a ce mana jibi zai iso. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na tsoma buroshi.

Aikin sauke ƙofar nan shi ne aiki mafi kyau da na taɓa yi, kuma rushewa ne. Na samo biyu daga tsofaffin abokan aiki, mai shayi da mai dako, suka bar sana'arsu suka zo. Muka zaunar da Mu'allim a gindin dabino, yana ba da umarni da kunne. "Sannu da na hagun nan, yana da jijiya a ciki." "Wa ya ja dutse a ƙasa? A ɗaga!" Ya san kowanne, har da wanda ya ce ya sassaƙa ranar da aka haifi 'yarsa. Na dama na ba su lamba zalla, na hagu lamba da zane a ƙasa, kowanne da kibiya mai nuna sama. Ko gefe ɗaya bai ɓantare ba. Muka kwashe su zuwa filin Sheh, bayan turakun hanya, na jera su layi layi, lambobin na kallon sama don in riƙa karantawa ba sai na juya su ba. Ja a kan baƙi, tun daga nesa kana hango su suna ƙyalli.

Ramadan ya zo ya wuce. Na je wajen Sheh, ya ce alhazai sun fara sauka, ba'ad Hajj. Hajji ya wuce, ya ce harsashin gidan bai kai ba. Zafi ya shigo, ya kwashi iyali suka tafi ƙauyensu na Faransa. Ni kuma ciki ba ya jiran alkawari, na kama jeren bulo a wani bene a Anbariyya, a ƙarƙashin wani yaro da ban isa in ce masa bangonsa ya karkace ba.

Mu'allim kuwa sai ya farfaɗo. Mutumin da dā sai an lallashe shi yake fitowa zaure, ya sa aka haƙa rami a bayan gidan 'yarsa, aka jiƙa nura, don ya ce tsohuwar nura ta fi kamawa, kada ranar ta zo a yi ta da ɗanya. Ya aika da azmilinsa a nemi wanda zai sake masa baki. A ƙofar masallaci duk wanda ya gaishe shi sai ya ji labari: ƙofar Hilla ba ta mutu ba, tana kwance ne, za a tashe ta. Wasu na yi masa kallon tsufa ya taɓa shi, bai gani ba balle ya damu. Kowace Juma'a in an sauko daga Harami sai in ɗauki tasi in kai shi filin. Ya tsuguna ya bi layi yana shafawa, yana kiran kowanne da wurinsa, yana faɗa mini wanda za a fara ɗorawa. 'Yarsa ta ce mini rabon da ta ga yana cin abinci haka tun mahaifiyarta na da rai.

Wata Laraba na tashi daga aiki da wuri, na ce bari in biya in rufa musu ganyen dabino. Na tarar da fili fetal. Ba dutse ko ɗaya, sai sawun tayoyi. Na tsaya ina duba turaku ko na ɓata wuri ne. Ban ɓata ba.

Na bi sawun da ƙafa har cikin Harra, inda wani ɗan kwangila ya kafa kassara, injin da ke niƙa dutse ya mayar da shi tsakuwar kankare. Na tarar da direbobin tifa suna shan shayi a inuwar mota. Na fara yi musu ihu da Larabci, sai ɗaya ya amsa mini da Hausa, Hausar Sudan.

"Ya ammi, kwantar da rai. Waɗanne duwatsu?"

Na kwatanta masa.

"Masu jan nan? Wallahi ni na kwashe su, shekaranjiya. An ce mana duk abin da ke da ja a Hilla a kwashe, kada a bar komai. Har na ce wa yaron motata, ka ga mutanen kirki, sun jera mana sun huta da mu."

"Ba ka ga lamba ba ce? Ba ka ga sassaƙa ba?"

"Na ga ja, ya ammi. Ja kuma ai ja ne."

Ban iya zaginsa ba. A garin nan ja ma'anarsa ɗaya ce, shi kuma abin da gari ya koya masa ya karanta. Shuka muka yi a idon makwarwa. Ya nuna mini tsibin da aka niƙa a ranar. Na ɗebi tsakuwar a hannu, ga ɗigon ja nan jefi-jefi a jikinta. Ana lodinta a wata tifa za a kai wajen zuba dakalin titi.

Da Sheh ya dawo daga baya ya ce, "La haula. Ƙaddara ce, ma'alesh, ka yi haƙuri. Za mu sa ta ƙarfe, har ta fi kyau." Adil kuwa cewa ya yi, "Hajar bas," dutse ne kawai, ga shi nan cike da Harra. Amma wannan duk daga baya ne. Kafin nan akwai Juma'a.

Ban aika ba, ban kuma je ba sai ranar. Na tarar ya riga ya shirya, yana zaune a bakin zaure da farar rigarsa da sandarsa, igiyar mizani na leƙowa daga aljihu. Yana jin takuna ya yunƙura zai tashi.

"Ka makara, Ɗan Damagaram. Ina tasin?"

Na ce ya zauna tukuna. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa duka, fentin, tifar, kassarar. Ban rage komai ba. Bai katse ni ba, hannunsa na kan sandar.

"Har makullin?"

"Har shi, Baba."

Ana ta wucewa daga masallaci ana yi masa sallama, bai amsa ba. Na so ya zage ni, ya ɗaga sandar nan ya sauke mini, da na fi samun sauƙi. Sai ya ce, a hankali, kamar mai gyara wa almajirin aiki kuskure:

"Da ka bar katafila ta yi aikinta, da sau ɗaya na rasa ta."

Ya miƙe da kansa, bai nemi hannuna ba, ya lalubi bango ya shiga ciki. Ina durƙushe na ji yana kiran 'yarsa, yana ce mata a sa a cike ramin nurar nan, kada yaran maƙwabta su faɗa.